Mayen Ƙarfen Malam Haladu

Ku matso kusa. Nafi'u, bar taɓa lagwanin fitilar nan, hasken ya isa haka. Wanda ya san zai yi kuka ya tashi tun yanzu ya tafi wajen Inna, don in an fara ba a tsayawa.

A Tudun Marke an yi wani malamin firamare, Malam Haladu. Ba ɗan garin ba ne, aiki ne ya kawo shi, shi da matarsa da 'yarsu Zulai, wadda a lokacin ko yaye ta ba a yi ba. Siriri ne mai sanyin murya, aji huɗu yake koyarwa. Abin da ya fi tsana a aikinsa shi ne ya zana abu a allo, yara su haddace sunansa, alhali ba su taɓa ganinsa da ido ba.

Wata rana darasi ya kai su kan maganaɗisu. Ya zana, ya yi bayani, ya ce wani abu ne mai janyo ƙarfe zuwa jikinsa, shi ya sa ake ce masa mayen ƙarfe. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, maye irin mai kama kurwa?"

Yara suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya gane alli ba zai yi wannan aikin ba.

Ranar kasuwa, bayan an tashi daga makaranta, ya bi motar 'yan kasuwa zuwa babban gari, ya nufi rumfar Isiya mai gyaran rediyo. Isiya ya tona kwandon tarkacensa, ya fasa wata matacciyar lasifika, ya zaro wani baƙin abu zagayayye mai rami a tsaka, faɗinsa kamar tafin hannu.

"Ga mayenka, Malam."

Malam Haladu ya kusanta shi da ƙusa. Ƙusar ta yi tsalle ta manne, ƙas. Ya kai shi jikin murfin tukunyar dalma, bai kama ba. Ya gwada katakon benci, shiru. Ya gwada wata wayar tagulla, ita ma ko motsi. Isiya ya ɗauko wani irinsa ya ce ya haɗa su. Suka rungumi juna, sai da ƙarfi ya raba su. Ya juya fuskar ɗaya, sai ga su suna ture juna, kamar akwai wani hannu a tsakani da ba a gani.

"Fuska biyu gare shi," in ji Isiya. "In fuskokin iri ɗaya ne, gaba. In sun bambanta, zumunci."

Malam ya sayi allura wajen mai koli, ya yi ta goga ta a jikin mayen, daga kunne zuwa tsini, hanya ɗaya ba komawa. Ya ɗora ta kan ganye, ya sa a kwanon ruwa. Allurar ta yi ta bin mayen duk inda ya kai shi, sai da Isiya ya karɓe ya kai shi can bayan rumfa. Nan ganyen ya juya a hankali, ya tsaya. Malam ya dubi masallacin kasuwa, ya fuskanci alƙibla. Tsinin allurar yana nuna hagunsa. Arewa ke nan. Ya juya ganyen da yatsa, ya sake komawa. Ya yi ta dariya kamar yaro, mutane suka taru suna kallo.

Wasan nan ne ya cinye masa yamma. Kafin ya farga motar Tudun Marke ta cika ta tafi. Ya soke allurar a hularsa, ya jefa mayen a jaka tare da ashana da sabulun da matarsa ta aike shi, ya ce zai taka da ƙafa.

"Bi babbar hanya," Isiya ya ce. "Kada ka yanke ta Kwarin Tama."

"Me ke can?"

"Babu komai. Shi ya sa."

Damina ce, hadari yana haɗowa daga gabas. Babbar hanya tana da nisa, ta kwari kuwa rabinta ce. Malam ya dubi sama, ya tuna Zulai ba ta barci sai ta ji muryarsa. Da ya iso mararraba, ya yanke.

Kwarin Tama wuri ne da maƙera suka narka ƙarfe, tun kafin a haifi kakanninmu. Har yanzu kashin maƙera, wato dattin da ke saura in an narka ƙarfe, na nan tuli-tuli, baƙi ƙirin, ciyawa ba ta fitowa a kansa. Ba gona, ba sawun akuya. Sun sare duk itatuwan ƙirya sun yi gawayi, sai guda ɗaya da suka bari a tsakiyar kwarin, babba, mai duhun inuwa, da kogo a gindi.

Malam ya ga yashin wurin da baƙi-baƙi a ciki, sai malantarsa ta motsa. Ya ɗaura wa mayen igiya, ya sake shi a ƙasa, yana tafe yana ja. Da ya ɗago, ga garin ƙarfe ya tsaya a jikinsa cirko-cirko kamar gemu. Ya ji daɗi. Ya share a takarda, ya sake jefawa, ya nufi wajen ƙiryar.

Ƙas.

Igiyar ta yi nauyi. Ya ja, ƙasa ta tsage, wata ƙusa ta fito. Doguwa ce, ƙirar hannu, tsatsa ta cinye ta.

Gyare suka yi shiru. Duka, a lokaci ɗaya.

"Salamu alaikum."

Daga bayansa muryar ta fito, dab da kunnensa. Ya waiwaya. Ba kowa. Da ya juyo, sai ga mace tsaye a gabansa, ɗan nesa kaɗan. Dattijuwa ce cikin baƙin zanen saƙi irin na da, ta rufe kanta da gefensa.

"Wa alaikumus salam," ya ce. "Sannu, Iya."

Leɓɓanta suka motsa. Babu sauti. Sai da ta rufe baki, sannan maganar ta iso, ta bayan kunnensa kuma.

"Me ke hannunka, Malam?"

Bai gaya mata shi malami ba ne.

"Mayen ƙarfe ne, Iya. Na yara ne. Na makaranta."

"Shi ya ciro wannan?"

"Shi ne."

Ta tsura wa ƙusar ido. Shi kuma ya sunkuyar da kai don kada ya dubi fuskarta, a nan ya ga inda take tsaye. Wata 'yar hanya ce siririya da ta zagaye itacen, ta lotsa cikin ƙasa har ta kai idon sawu, irin lotsawar da ƙafa ɗaya ke yi in ta shekara da shekaru tana bin wuri ɗaya. Ya ga ƙafafunta a ciki. Dugaduganta ne ke fuskantarsa. Yatsun suna baya.

Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu a ƙasan numfashi, harshensa yana sarƙewa.

"Karanta, Malam," muryar ta ce. "Ba ta ƙona ni. Ni ma ita nake karantawa."

Ya kai ƙarshe, ya sake farowa. Tana nan tsaye, tana jira, har ya gama.

"Me kike so da ni?"

"Akwai sauran irinta. Sun zagaye itacen nan. Maƙera suka kafa su, rana tsaka, suka binne. Mu ba ma taɓa ƙarfe, ba ma tsallake shi." Ta ɗaga hannu ta nuna ƙiryar. "Na tafi ɗibar ruwa ranar. 'Yata tana ciki tana barci."

Malam ya dubi itacen.

"Ina jin ta. Tana ji na. Tun ranar nake zagayawa."

Iska ta kaɗa, ganyen ƙiryar bai motsa ba. Daga cikin kogon itacen wani sauti ya fito, siriri, kamar yaron da ya gaji da kuka har muryarsa ta dushe. Malam ya san wannan sautin. Ya sha jin sa daga bakin Zulai in zazzaɓi ya kama ta.

"In na ƙi fa?" ya ce.

"Ka wuce. Ba zan taɓa ka ba. Mutane da yawa sun wuce."

Ya dubi hanyar gida. A buɗe take, ga ta nan ta haura tudu, rana tana shirin faɗuwa ta hagunta. Ya ɗaga ƙafa. Sautin ya sake fitowa. Ƙafar ta ƙi sauka gaba.

"Bismillahi," ya ce, ya jefa mayen a ƙasa.

Ya fara zagaya itacen yana ja. Ƙas. Ya tsuguna, ya tona da tsinke, ya zare. Ya matsa gaba. Ƙas. Wasu suna kusa da sama, mayen da kansa yake fizgo su. Wasu sun nutse, sai dai ya ji igiyar ta ɗan riƙe, ya san akwai abu a wurin, ya haƙa. Duk wadda ya ciro, matar takan ce, "Jefa ta nesa." Yana jefawa can kan tulin kashin maƙera. Tana biye da shi ta cikin 'yar hanyarta. Bai ji takunta ba ko sau ɗaya.

Abin da ya lura da shi, bai so ya lura ba. Duk ƙusar da ta fita, inuwar itacen tana ƙara faɗi. Sanyi yana tasowa daga ƙasa, yana shiga ƙafar wandonsa. Kuma sautin cikin kogon ya daina zama ɗaya. Akwai wani a ƙarƙashinsa, mai kauri, kamar ana jan turmi a kan dutse.

"Iya, mene ne wancan?"

"Yi sauri, Malam. Rana tana tafiya."

Ya kammala zagaye. Ya sake bi, mayen bai kama komai ba sai garin ƙarfe. Ya miƙe, bayansa yana ciwo, hannuwansa duk tsatsa.

"Sun ƙare."

Matar ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Ta ja da baya da sauri, kamar ta taka garwashi. A karon farko ta ɗago kai sosai. Malam ya kawar da ido, amma ya riga ya gani: idanunta a tsaye suke, ba a kwance ba.

"Da saura." Muryar ta cika masa kunnuwa biyu. "Dutsenka ya yi ƙarya."

"Ba ya ƙarya, Iya." Ya ɗaga mayen ya nuna mata. "Ba kowane abu yake kamawa ba. Baƙin ƙarfe yake ja. In tagulla ce, ko dalma, ko azurfa, zai wuce ta kai bai sani ba."

Ta dubi gindin itacen.

"To nemo."

"A ina? Duhu ya fara."

Sai siririyar muryar nan ta yi magana daga cikin itacen. Muryar yarinya ce.

"Nan. Ƙarƙashin saiwa."

Akwai wata katuwar saiwa da ta fito daga gindin ta sake nutsewa, da rami a ƙarƙashinta, baƙi, daidai shigar hannu. Kun san abin da ke kwana a irin wannan ramin da damina. Malam ma ya sani. Ya durƙusa. Ya naɗe hannun riga. Ya tura hannunsa har gwiwar hannu, ƙasa mai laima, saiwoyi kamar gashi. Ya ƙara turawa har kafaɗa, kuncinsa ya manne da ɓawon itacen. Ta cikin ɓawon yana jin numfashi. Ba na mutum ɗaya ba.

Yatsunsa suka taɓa wani abu mai santsi, zagayayye. Munduwa. An sarƙafa ta a jikin saiwa. Ya kama, ya murɗa, ta ƙi. Ya sake murɗawa.

Wani hannu ya riƙe masa yatsa.

Ƙarami ne. Sanyi kamar ƙanƙara. Bai ja shi ba, bai matse ba. Ya riƙe ɗan yatsansa kawai, yadda jariri ke yi, ya karkatar da shi gefe. Malam ya bi. Munduwar ta zame ta fito.

Ya faɗi da baya, tagullar a hannunsa, ta yi kore don tsufa. Ya wurgar da ita iya ƙarfinsa.

Bai ga shigar matar ba. Ya dai ga ta durƙushe a gindin itacen, ta rungume wani abu cikin zanenta, tana jijjiga, kafaɗunta suna rawa. Wata 'yar ƙafa ta leƙo ta ƙasan zanen. Ya kawar da kai. Ya ɗauki jakarsa, ya naɗe igiyar mayen, ya juya zai kama hanya.

Babu hanya.

Tudun da ya gani ɗazu babu shi. Hadari ya rufe sama ruf, ba rana, ba tauraro. Ko'ina ya duba, tulin kashin maƙera ne iri ɗaya, da 'yan hanyoyi barkatai da ba su nan a da, kowace ta nufi cikin duhu. A bayansa kuma itacen ya fara ƙara, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa.

"Malam." Matar ce. "Ba 'yata kaɗai aka rufe a ciki ba."

"Su wane ne?"

"Waɗanda aka kafa ƙusoshin dominsu. Ba duk na ciki ke amsa sallama ba."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, da ka tona?"

Ya waiwaya ya dubi kogon.

"Kafin asuba za mu tashi da su, mu yi kudu, inda ba mutane. Na ɗauki wannan a kaina. Amma daren yau kwarin nan nasu ne. Ka yi arewa, can garinku yake. Kada ka bi hanyar da ta yi maka kyau. Kada ka amsa kira. Zan riƙe ƙofar iya abin da zan iya."

"Ina ne arewa?"

Ta riga ta juya, ta jingina bayanta da kogon, ta tokare ƙafafunta a ƙasa. Wani abu ya bugi itacen daga ciki. Ƙasa ta girgiza.

Malam ya yi gudu kaɗan, ya tsaya. Gudu ba tare da sanin gaba ba, ya san, zai dawo da shi gindin itacen ne. Ya dafe kai, sai yatsansa ya ji tsini. Allurar.

Ya lalubi wani ɗan ruwa da ya kwanta a kan dutse. Ya tsinki ganye, ya ɗora allurar, ya sa a ruwan. Ya ƙyasta ashana. Ganyen ya juya, ya juya, ya tsaya, tsinin yana nuna cinyarsa. Ya matsa gefe. Tsinin ya biyo shi.

Jakar. Mayen yana ciki.

Muddin yana jikinsa, allurar shi za ta bi, ba arewa ba. In ya ajiye shi nesa ya duba, dole ya koma ya ɗauka, kuma kowane komawa taku ne zuwa baya. Aka sake bugun itacen, wannan karon da ƙarar tsagewa.

Ya zaro mayen. Saboda shi ya yi wannan tafiyar duka. Ya juya igiyar sama da kansa, ya sake ta. Bai ji faɗuwarsa ba. Wani ya cafe.

Ya sake ƙyasta ashana. Ganyen ya juya a hankali, kamar ba abin da ya dame shi, ya tsaya. Tsinin ya nuna wani wuri da babu hanya ko kaɗan, sai ƙaya da duwatsu. A damansa kuwa ga wata hanya fes, shararriya, har da hasken fitila a ƙarshenta.

Ya zare allurar, ya riƙe ta a leɓe, ya faɗa cikin ƙayar.

Ƙaya ta yayyaga masa riga. Takalminsa ɗaya ya tsinke, ya bar shi. Duk inda ya ji ruwa a ƙafarsa sai ya tsuguna, ganye, allura, ashana. Wani lokacin ya tarar ya karkace, ya gyara. Yayyafi ya fara, kwalin ashanar ya jiƙe, sai ya koma jiran walƙiya: ya tsuguna a kan ruwan, idonsa a buɗe, har sama ta haska ya ga tsinin.

A bayansa aka yi wata ƙara, sannan shiru. Shirun ya fi ƙarar muni.

Sai ya ji ana tafiya. Ta hagunsa, ta damansa. Ba gudu suke ba. Suna tafe daidai da shi, in ya tsaya su tsaya. Wani wari kamar na maƙera, gawayi da ƙonannen ƙarfe, ya cika masa hanci.

"Haladu."

Muryar Isiya ce. "Haladu, ka yi kuskure, ga hanya nan."

Ya cije allurar.

"Malam, ina wuni?" Muryoyin 'yan ajinsa, gaba ɗaya, yadda suke gaishe shi. Har da 'yar dariyarsu.

Ya ci gaba.

Sai kukan Zulai. Daga bayansa, kusa, kukan da take yi in ta faɗi. Da muryar matarsa a kai: "Malam, taimaka, ta ƙone! Malam, juyo mana!"

Nan ne ya tsaya. Saura ƙiris ya juya. Hawaye suna zuba, bakinsa ya buɗe, allurar ta kusa faɗuwa. Ya tare ta da hannu, ta soke shi a tafi. Zafin ya dawo da shi. Ya durƙusa a cikin taɓo, ya lalubi ganye, ya ɗora allurar. Ya jira. Kukan yana matsowa. Wani numfashi mai zafi ya sauka a ƙeyarsa.

Walƙiya ta haska. Tsinin yana nuna gaba. Gidansa yana gaba. Zulai tana gaba. Abin da ke baya, ko mene ne, ba ita ba ce.

Ya tashi ya ruga, yana kiran sunan Allah da ƙarfi, bai sake tsayawa ba. Ƙasa ta fara tudu. Ƙafarsa ta shiga kunyar shuka, ganyen dawa ya mare shi a fuska. Gona. Gonar mutane. Takun da ke gefensa ya tsaya a bakin kunyar farko, kamar an ja layi. Can gaba ya ji ladan yana kiran lisha.

A ƙofar masallaci ya faɗi. Ya yi kwanaki yana zazzaɓi, liman yana zuwa yana yi masa tofi. Zulai lafiyarta ƙalau, ba abin da ya taɓa ta. Da dattawan gari suka ji abin da ya faru, wasu suka yi masa faɗa, wasu suka yi shiru. Suka haɗa ƙarfi da rana tsaka suka je kwarin. Ƙiryar ta tsage biyu tun daga sama har gindi, cikinta wayam. Takalminsa ɗaya suka samo. Mayen kuwa babu shi.

Da ya warke ya koma aji. Abin da ya rage masa allura ce ɗaya. Ya goga wasu alluran a jikinta, suka ɗan ɗauki ƙarfinta, ya sa yara suka kawo kwanonin roba da ruwa. Aka jera a ƙasa, nesa da juna. Kowane rukuni ya ɗora allurarsa a ganye. Ganyayen suka juya, suka tsaya, duk suna kallon bangon arewa. Yara suka yi ta ihu, suna turewa da yatsa, suna kallon yadda suke komawa.

Malam yana murmushi, sai ya ga allurar kwanon baya ta motsa.

Ba wanda ya taɓa ta. Ta bar arewa, ta karkata a hankali. Ta kusa da ita ma ta bi. Ɗaya bayan ɗaya, duk alluran ajin suka juya, suka nuna kusurwar baya, inda wani karyayyen benci yake, wanda ba a zama a kai.

Akwai yarinya a kan bencin. Ƙarama, cikin baƙin saƙi. Ta sunkuyar da kai, ƙafafunta a naɗe cikin zane. Ba yaron da ya waiwaya. Shi kaɗai yake ganin ta.

Ta ɗaga hannu, yadda ta ga 'yan aji suna yi. Leɓɓanta suka motsa. Sannan maganar ta iso bayan kunnensa.

"Malam, in aka karya shi, ya mutu?"

Yara suna kallonsa, suna mamakin me yake kallo.

"A'a," ya ce a hankali. "Ba ya mutuwa. Kowane ɓari sai ya zama maye mai zaman kansa, da fuskokinsa biyu."

Ta gyaɗa kai, kamar abin da ta zo ji ke nan. Ya ƙifta ido. Bencin ba kowa. Alluran suka saki, amma ba su koma arewa duka ba, na kusa da kusurwar suka ci gaba da nuna ta.

Ya taka ya je. A kan bencin ga rabin mayensa, an karya shi daidai tsaka, sanyi kamar an ciro shi daga rijiya. Rabi kawai. Ɗayan ta tafi da shi.

Da wannan rabin ya koyar har ya yi ritaya. Yana kama ƙusa, yana ƙin tagulla, kamar kowane maganaɗisu. Sai dai bai taɓa yin ɗumi ba, ko an bar shi a rana. Kuma bai taɓa yarda wani yaro ya tafi da shi gida ba. In an tashi, da kansa yake kulle shi a akwatin katako, don wani lokaci da magariba akan ji shi yana motsi a ciki, yana jan jiki zuwa ɓangaren kudu, ƙas, ya manne da katakon.

Matar ta ce za su tashi da su duka. Wataƙila haka ne. Amma masu kiwo har yau ba sa kai dabba Kwarin Tama, kuma sun ce 'yar hanyar nan da ta zagaye kututturen ba ta cike ba, kullum kamar an share ta. Don haka ku ji da kyau. In an aike ku ta wajen, ku bi babbar hanya ko da za ku kai dare. In dole ta sa, ku zama ku biyu ko uku, ku riƙe hannun juna. Abin da kuka gani binne a ƙasa, ku bar shi inda yake. In kuma kuka ji sallama ta bayan kunnenku alhali ba kowa a baya, ku amsa a zuci, kada ku tsaya.

Nafi'u, tashi ka rufe ƙofar zaure. A'a, ba kai kaɗai ba. Ku je ku biyu.